Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Rubuta wa Shugabanni Jawabi: Ku Karanta Maganar Roosevelt Har Ƙarshenta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne, ku da kuke aiki a ofisoshin yaɗa labarai na gidajen gwamnati da na 'yan majalisa da na jam'iyyu, kuke tsara kalmomin da shugabanni ke karantawa a gaban jama'a, saboda wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan boko, kuma takan faɗo cikin jawabai da sharhin rediyo da rubuce-rubucen Facebook duk lokacin da al'umma ta shiga ƙunci. Ita ce maganar shugaban Amurka na 32, Franklin Delano Roosevelt, inda ya ce abu ɗaya tilo da ya kamata mu ji tsoro shi ne tsoron kansa. Na shafe shekaru ina koyar da tarihi, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake tsinko wannan jimla ita kaɗai, a jefa wa mutanen da ke cikin wahala, kamar ana ce musu matsalarsu a zuciyarsu take, in sun daina fargaba komai zai daidaita. Mai maganar bai nufi haka ba, kuma abin da ya aikata a cikin kwanaki goma da suka biyo baya ya isa shaida.

Roosevelt ya faɗi maganar ne ranar Asabar, 4 ga Maris, 1933, a jawabinsa na kama mulki a gaban ginin majalisar dokoki da ke birnin Washington. Shekara uku da 'yan watanni ke nan da rugujewar kasuwar hannun jari ta New York a watan Oktoba na 1929, kuma tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe irin durƙushewar da ba a taɓa gani ba. Kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu na masu neman aiki ba shi da aikin yi, wato mutane wajen miliyan 13. Farashin amfanin gona ya faɗi ƙasa warwas, har wasu manoma a tsakiyar ƙasar suka gwammace su riƙa ƙona masararsu don jin ɗumi da hunturu, domin kuɗin da za a ba su a kasuwa bai kai na gawayin da za su saya ba. A bayan manyan birane an kakkafa unguwannin bukkokin kwali da tsofaffin kwanon rufi, waɗanda mutane suka laƙaba wa sunan shugaba mai barin gado, Herbert Hoover, don nuna fushinsu. Shi Hoover ɗin bai gaza wajen kwantar da hankali da baki ba. Tun a makon da kasuwa ta rushe ya shaida wa jama'a cewa ginshiƙin kasuwancin ƙasar lafiya lau yake, kuma ya yi ta maimaita irin wannan magana. Mutane sun ji shi, suka duba aljihunsu, suka ƙi zaɓensa a watan Nuwamba na 1932, inda Roosevelt ya lashe jihohi 42 daga cikin 48.

Amma abin da ya fi kowanne zafi a ranar rantsuwar shi ne batun bankuna, kuma a nan ne ma'anar maganar take. A wancan zamani babu wata hukuma ta tarayya da ke tsaya wa mai ajiya idan bankinsa ya karye. Dubban bankuna sun riga sun rufe tun daga 1930, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ajiye guminsu a ciki sun tashi a tutar babu. Ku kwatanta wani ƙaramin gari mai banki ɗaya, wanda a gaskiya lafiyarsa ƙalau, ya ba da rance ga manoma da 'yan kasuwa masu biya, kuma yana da 'yan kuɗi a ma'aji da suka isa hidimar yau da kullum. Wata safiya sai jita-jita ta ɓulla cewa bankin garin da ke maƙwabtaka ya rufe. Mai kanti ya kulle shagonsa ya nufi banki don ya kwashe nasa, malamar makaranta ta hango shi a tsaye ta bi bayansa, kafin azahar layi ya zagaya kwana. Babu bankin da ke ajiye dukkan kuɗin mutane a cikin akwati, domin yawancinsu suna hannun masu rance, saboda haka kafin la'asar akawu ya sauke tagarsa ya ce kuɗi sun ƙare. Bankin da ya kwana da lafiyarsa ya mutu a yini guda, kuma babu abin da ya kashe shi face tsoron da aka ji cewa zai mutu. Babu wanda za a zarga a cikin masu layin, domin kowane ɗayansu ya yi abin da hankali ya ba shi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Sai dai haɗuwar hankalin kowa ita ce ta haifar da asarar kowa.

Wannan annoba ce ta bazu a farkon 1933. Ranar 14 ga Fabrairu gwamnan jihar Michigan ya rufe dukkan bankunan jiharsa, mutanen sauran jihohi suka ruga suna kwasar nasu kafin abin ya iso kansu, gwamnoni suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har zuwa asubahin ranar rantsuwa, lokacin da jihohin New York da Illinois, inda manyan cibiyoyin kuɗin ƙasar suke, su ma suka rufe nasu. Mutumin da ya fito ya yi magana a wannan rana, yana dafe da hannun ɗansa James saboda ciwon shan-inna da ya kwantar masa da ƙafafu tun 1921, mutum ne da makonni biyu da 'yan kwanaki kafin nan aka buɗe masa wuta a birnin Miami, harsashi ya kuskure shi ya sami magajin garin Chicago, Anton Cermak, wanda ya rasu bayan kwana biyu da jawabin. Jama'a sun san wannan, kuma ya ƙara wa maganarsa nauyi.

Yanzu ku dubi jimlar da kanta, domin ba a wurin da kuke tsayawa ta ƙare ba. Bayan ya ce abin tsoro shi ne tsoron kansa, nan take ya bayyana irin tsoron da yake nufi: firgici marar suna, marar tunani, marar dalili, wanda ke daskarar da ƙoƙarin da ake bukata don a juya ja da baya ya koma ci gaba. Siffofi uku ya ba shi, kuma da su ya ware wannan tsoro daga sauran nau'o'insa. Kafin wannan jimla ma, ya fara da cewa lokaci ne na faɗin gaskiya, gaskiya ɗungurungum, a fili kuma ba da rawar murya ba. Bayan jimlar kuma sai ya shiga lissafa masifun ɗaya bayan ɗaya: darajar dukiya ta zube, haraji ya hau, ƙarfin biya ya ragu, manoma ba su da kasuwar amfaninsu, ajiyar shekaru ta dubban iyalai ta salwanta, ga rundunar marasa aiki da ke fama da neman abin da za su rayu da shi. Ya rufe wannan sashe da cewa sai wawan mai kyautata zato ne zai musanta baƙin halin da ake ciki. Shugaban da ya faɗi haka bai ce wa kowa yunwarsa mafarki ce ba.

Ya kuma faɗi dalilin da ya sa yake ganin firgicin ba shi da tushe. Ya ce ba fara ce ta sauka musu ba, ƙasa na nan tana ba da albarkarta, wadata na bakin ƙofa, amma an kasa cin moriyarta saboda waɗanda ke riƙe da harkar kuɗi sun gaza, ta hanyar taurin kai da rashin iya aiki. Ya ambace su a fili a matsayin masu laifi. Daga nan ya ce ƙasa na neman aiki, kuma aiki yanzu-yanzu, babban abin da ke gaba shi ne a sama wa mutane abin yi, sannan dole a sa ido sosai a kan bankuna a kuma kawo ƙarshen caca da kuɗin mutane. Manyan kanun jaridun washegari ma sun fi mayar da hankali ne ga wannan alkawari na aiki da kuma ikon da ya ce zai nema daga majalisa. Shaharar jimlar tsoro daga baya ta zo. Tun da yake sana'arku ce, ku sani cewa jawabin ya bi ta hannun masu irin aikinku: Raymond Moley ne ya taimaka wajen tsara daftarin, kuma masana tarihi da dama na danganta shigar da jimlar tsoro ga daɗaɗɗen mashawarcinsa Louis Howe. Tunanin kansa ya girme su duka, an sha faɗin irinsa a Turai ƙarnoni kafin haka. Abin da ya bambanta na 1933 shi ne kwanakin da suka biyo bayansa.

Ranar Litinin, 6 ga Maris, ya ba da umarnin rufe dukkan bankunan ƙasar na 'yan kwanaki. Ranar Alhamis, 9 ga wata, majalisa ta yi zaman gaggawa ta zartar da dokar ceto bankuna a yini guda, ya sa mata hannu a daren. Majalisar wakilai ta yi muhawarar ne a cikin kimanin minti 40, da kwafi ɗaya tak da aka karanta musu da baki. Dokar ta ba gwamnati ikon bincikar littattafan bankuna, ta buɗe masu lafiya, ta naɗa masu kula a kan masu rauni, ta kuma ba babban bankin ƙasar damar fitar da ƙarin takardun kuɗi don kada bankin da aka buɗe ya rasa abin biyan masu ajiya. Abin da ke burge ni a nan shi ne cewa manyan jami'an baitulmalin Hoover, waɗanda jam'iyyarsu ta sha kaye, sun zauna tare da sabon sakataren baitulmali William Woodin dare da rana suka tsara wannan shiri, ba wanda ya ce ai ba gwamnatinmu ba ce.

Sai kuma daren Lahadi, 12 ga Maris, lokacin da Roosevelt ya zauna gaban makirfo a fadarsa ya yi wa jama'a magana ta rediyo, aka ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 60 ne suka saurara. Ina roƙonku ku nemi wannan hira ku karanta, domin ba ta kai minti 15 ba, kuma a ganina ta fi jawabin rantsuwar amfani ga mai sana'arku. Ya fara da cewa yana so ya ɗan tattauna da mutanen Amurka a kan harkar banki. Ya yi musu bayani dalla-dalla, da harshen da manomi da leburan masana'anta za su gane, cewa banki ba ya kulle kuɗinka a ma'aji, juya su yake yi, shi ya sa ko banki mai lafiya ba zai iya biyan kowa a rana ɗaya ba. Ya faɗa musu abin da aka yi a cikin makon, da dalilin yin sa, da jadawalin buɗewa: gobe Litinin a birane 12 da ke da rassan babban banki, Talata a wasu biranen kimanin 250, Laraba da bayanta a sauran wurare. Ya amsa cewa wasu masu bankuna sun nuna rashin ƙwarewa ko rashin amana. Ya ce ba zai yi musu alkawarin cewa kowane banki zai sake buɗewa ba, ko cewa babu wanda zai yi asara. A cikin hirar ne kuma ya ce musu ajiye kuɗi a bankin da aka sake buɗewa ya fi aminci a kan ɓoye su ƙarƙashin katifa.

Da gari ya waye an sake ganin layi a ƙofar bankuna, amma na masu mayar da kuɗi. Kafin watan Maris ya ƙare an dawo da fiye da rabin kuɗin da aka kwashe a lokacin firgicin, kuma ranar 15 ga wata da aka buɗe kasuwar hannun jari farashi ya tashi da sama da kashi 15 cikin ɗari a yini guda. A watan Yuni aka kafa hukumar inshorar ajiyar banki ta tarayya, wadda daga farkon 1934 ta fara tsaya wa kowane mai ajiya har dala 2,500. Roosevelt da farko bai goyi bayan wannan inshora ba, 'yan majalisa ne suka matsa, amma ita ce ta tumɓuke tushen tsoron, domin mai kanti ba shi da sauran dalilin rugawa banki in ya ji jita-jita. A shekarar 1934 bankuna 9 kacal ne masu inshora suka karye. Irin wannan tsari ne Najeriya ta ɗauka da ta kafa hukumar NDIC a 1988. A gefe guda kuma an ɗebi dubban ɗaruruwan samari aikin dashen itatuwa da gyaran dazuzzuka a kan dala 30 a wata, ana aika wa iyayensu 25 daga ciki, an kuma ware dala miliyan 500 don agajin gaggawa ga jihohi. Ba na cewa an warke sarai; rashin aikin yi ya ci gaba da addabar Amurka har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, kuma baƙaƙen fata da dama ba su ci moriyar shirye-shiryen daidai da farare ba. Amma tsoron da ya ambata a jawabinsa, wannan kam an kashe shi, kuma doka da kuɗi da bayani ne suka kashe shi.

To, ranku ya daɗe, ku auna wannan da wuraren da ake jefa maganar a yau. Manomin Zamfara ko Katsina da ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya 'yan bindiga haraji, tsoronsa yana da suna, yana da dalili, kuma tunani ne ya kai shi gare shi. Matafiyin da ke karanta duk addu'ar da ya sani kafin ya hau hanyar Abuja zuwa Kaduna, bayan ya san abin da ya sami fasinjojin jirgin ƙasa a watan Maris na 2022, ba firgici marar tushe ke damunsa ba. Mai shagon da ya kwana a layin banki a farkon 2023 lokacin canjin takardun naira, ya ga kuɗinsa na cikin asusu amma ya kasa sayen abinci da su, idan yau yana ɓoye tsabar kuɗi a gida darasi ya ɗauka. Babu ɗaya daga cikin siffofi ukun da Roosevelt ya lissafa da ta hau kan waɗannan mutane, kuma in suka daina jin tsoro alhali abin tsoron na nan, rayukansu da dukiyarsu za su ƙara shiga haɗari. Karanta musu wannan jimla daga kan mumbari, ba tare da an ce ga abin da za a yi ba kuma ga ranar da za a yi shi, ɗora wa wanda aka zalunta laifin halin da yake ciki ne, kuma wallahi mutane suna gane hakan ko da ba su taɓa jin sunan Roosevelt ba.

Akwai kuma wani ɓangare na tarihin da nake so ku riƙe, saboda ya shafi amanar da ke hannunku. A cikin wannan jawabi dai Roosevelt ya ce idan majalisa ta gaza, zai nemi a ba shi iko mai faɗi irin wanda ake bai wa shugaba in abokan gaba sun mamaye ƙasa, kuma nan ne taron ya fi yin tafi. Jama'ar da ke cikin firgici sukan miƙa wuyansu da sauri ga duk wanda ya ce zai cece su. Washegarin jawabin, 5 ga Maris, aka yi zaɓe a Jamus, kwana shida bayan gobarar ginin majalisar dokokin ƙasar, wadda Hitler ya yi amfani da ita ya tsorata mutane da barazanar 'yan gurguzu, kuma kafin watan ya ƙare majalisa ta miƙa masa ikon yin doka shi kaɗai. Ƙasashen biyu suna cikin matsin tattalin arziki iri ɗaya a mako ɗaya. A ɗaya an rage wa mutane tsoro ta hanyar bayani da doka, a ɗayar an hura shi an hau kansa.

Shi kansa Roosevelt bai tsira ba. A watan Janairu na 1941 ya lissafa kuɓuta daga tsoro a cikin 'yanci huɗu da ya ce kowane ɗan Adam ya cancanta. Amma bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a watan Disamba na wannan shekara, ya sa hannu ranar 19 ga Fabrairu, 1942, a kan umarnin da ya kai ga kwashe mutane kimanin 120,000 'yan asalin Japan daga gidajensu a gabar yammacin Amurka zuwa sansanonin tsarewa, kashi biyu cikin uku nasu 'yan ƙasa ne haifaffu, ba tare da an tuhumi ɗayansu a kotu ba. Iyalai sun sayar da gonaki da shaguna a wulaƙance cikin 'yan kwanaki, suka tafi da abin da hannu zai iya ɗauka. Kwamitin da majalisa ta kafa daga baya ya bayyana a 1983 cewa ba larurar tsaro ce ta jawo hakan ba, ƙyamar launin fata ce da ruɗun yaƙi da gazawar shugabanci, kuma a 1988 gwamnatin Amurka ta nemi afuwa ta biya kowane wanda ya rage da rai dala 20,000. Wannan shi ne ainihin firgici marar tunani da ya yi gargaɗi a kai, kuma a wannan karon a fadar shugaban ƙasa ya sauka. Duk lokacin da aka ce muku ku rubuta jawabin da zai shafa wa wata ƙabila ko wani yanki baƙin fenti gaba ɗaya saboda laifin wasu daga cikinsu, ku tuna da waɗannan sansanoni.

Roƙona gare ku ba mai wuya ba ne. Kafin ku sanya wannan jimla a bakin maigidanku, ku shiga wurinsa ku tambaye shi wane tsoro ne yake nufi, ku tabbatar cewa irin wanda ke haifar da abin da ake gudu ne, kamar rububin kwashe kuɗi daga banki, ko ɓoye hatsi saboda jita-jitar tsada, ko raɗe-raɗin da ke tayar da unguwa a kan maƙwabtanta. In irin wannan ne, ku rubuta, amma ku haɗa da cikakken bayanin halin da ake ciki da adadi na gaskiya, da matakin da za a ɗauka, da ranar da jama'a za su gani da idonsu, da kuma abin da gwamnati ba za ta iya yi musu alkawarinsa ba. In kuwa tsoron na mutumin da ke riƙe da bindiga ne a bakin daji, ko na farashin buhun shinkafa, ku cire jimlar daga daftarin, ku bar wurin ga yawan jami'an da za a tura, da garuruwan da za a tura su, da sunan ofishin da talaka zai je ya yi tambaya idan ranar ta zo bai ga kowa ba.

Allah Ya yi muku jagora a kan wannan amana, Ya kuma zaunar da ƙasashenmu lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin tarihi